Zan sayi sabuwar jif, amma ina tsoron zaryar gareji

Tambaya: Malam, na tara kuɗin sabuwar jif. Duk mako ina bin hanyar Gombe zuwa Dukku. Wace ce ba za ta riƙa kwana wurin makaniki ba? Daga mai karatu a Pantami, Gombe.

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya alheri. Kafin ka je wurin dila, fara zuwa wurin makanikinka ka tambaye shi wacce yake samun kayan gyaranta a nan Gombe ba sai an aika Kano ko Legas ba. Abin da ya sa mutanenmu suka riƙe Toyota Prado da Highlander ke nan.

Ni dai ina shakkar ƙirar da ta fito bana, domin ba a gama gane lagonta ba. Injin turbo kuwa, wato mai na'urar ƙara masa ƙarfi, yana son bakin mai na ainihi a kan lokaci. Na taɓa jinkirta juye na wata 2, na ji a aljihuna.

Ka karɓi takardar garanti, ka gwada lambar shasi, wato lambar jikin motar mai haruffa da lambobi 17, da wadda ke cikin takardu. Idan hunturu ya kama, ƙurar hanyar nan tana toshe filtar iska da wuri, ka riƙa dubawa.