Me ya sa iskar mai nutso ke saurin ƙarewa idan ya yi zurfi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, Zariya. Musu muke da abokina kan masu nutso a teku da silinda goye a baya. Shi ya ce silindar da za ta kai mutum awa ɗaya a saman ruwa, a ƙasa ma awa ɗaya za ta yi, tunda iskar ciki ba ta canza ba. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokinka ya kama rabin zancen. Silindar ƙarfe ce, ruwa ba ya matse ta, iskar cikinta tana nan yadda aka ɗura. Abin da ke canzawa shi ne yawan da kowane numfashi ke ɗiba.

A bakin teku iskar sama tana danne mu da matsi na kusan bar 1 (bar ma'aunin matsi ne). Kowace mita 10 da mutum ya nutsa, ruwa ya ƙara bar 1. Ke nan a mita 10 matsin ya zama 2, a mita 20 ya zama 3, a mita 30 ya kai 4. Masanin kimiyya Robert Boyle ya nuna tun 1662 cewa in matsi ya ninka, iska takan takure ta koma rabin girmanta. Huhun mai nutso kuwa dole ya cika kamar kullum. Don haka regiletar da ke bakinsa, 'yar uwar ta kan tukunyar gas ɗin girki, tana ba shi iska daidai da matsin ruwan da yake ciki, in ba haka ba ƙirjinsa ba zai iya buɗewa ba. Numfashi ɗaya a mita 30 yana cin abin da huɗu za su ci a sama, shi kuwa bai ji wani bambanci ba. Nan haɗarin yake.

Ga lissafi. Silinda mai lita 12 da aka ɗura zuwa bar 200 tana ɗauke da iska lita 2,400, wato 12 sau 200. Ana barin bar 50 (lita 600) don ko-ta-kwana, saura lita 1,800. Mu ɗauka mutum yana shaƙar lita 20 a minti. A sama za ta kai shi minti 90, a mita 10 minti 45, a mita 20 minti 30, a mita 30 kuma minti 22 da ɗoriya. Ka lura, mita 10 ta farko ita ta fi yin ɓarna, don ita kaɗai ta raba lokacin gida biyu.

Wannan fa in yana cikin natsuwa ne. Sanyi, tsoro ko iyo da ƙarfi kan sa sabon shiga ya zuƙe silinda abokin nutsonsa bai ko kai rabi ba. Kuma iska ce irin wadda muke shaƙa, ba oksijin zalla ba kamar yadda mutane ke zato.

A ruwan daɗi irin na madatsar Kubanni da ke Zariya sai an kai kusan mita 10.3 matsin ke ƙaruwa da bar 1, domin bai kai ruwan gishiri nauyi ba. Bambancin bai taka kara ya karya ba.

Ka faɗa wa abokin naka hawowa ma tana cin iska. A hankali ake tasowa, a tsaya minti 3 a mita 5, kuma ba a riƙe numfashi ko kaɗan, don iskar da ke huhu tana kumbura yayin da matsin ke raguwa, har tana iya fasa shi.