Shafin na buɗewa ta layi ɗaya, ya ƙi ta ɗayan

"Oga, ofishin da muka haɗa wa layin intanet biyu a kan rautar MikroTik ɗaya, na tura fot 80 da 443 na kowane layi zuwa sabar da ke 192.168.10.5. Ta adireshin layin farko shafin na buɗewa nan take. Ta na biyu kuwa sai burauza ta yi ta juyi har ta gaji. Ina na kuskure?"

Yaro, turawar da ka yi daidai ce. Saƙon yana shiga, amsar ce ke ɓata hanya. Kunna tcpdump, manhajar da ke nuna fakitin da ke shiga da fita, a kan sabar, ka sa wani ya buɗe shafin da datar wayarsa ta adireshin layi na biyu. Za ka ga SYN, saƙon neman fara hulɗa, ya iso, sabar ta mayar da amsarsa, SYN-ACK, daga nan shiru, sai ta riƙa maimaitawa. Rauta ba ta tuna ta wace ƙofa baƙo ya shigo. Teburin hanya kawai take dubawa, shi kuma ya ce duk mai fita ya bi layin farko. Sai amsar ta fita ta layin farko ɗauke da adireshin layi na biyu, kamfanin layin farko ya ga adireshin ba nasa ba ne, ya watsar da ita.

Maganin shi ne ka sa wa kowace hulɗa shaida tun daga bakin ƙofa. A Mangle, sashen rauta da ke sa wa fakiti shaida, sarƙar prerouting, duk sabuwar hulɗar da ta shigo ta ether2, ramin da layi na biyu ke ciki, ka yi mata mark-connection da sunan layi2. Doka ta biyu kuma: fakitin da ya taso daga cikin gida ɗauke da wannan shaida, a yi masa mark-routing zuwa teburin da hanyarsa ta 0.0.0.0/0 ke nuna ƙofar layi na biyu. Haka za ka yi wa layin farko. In manhajar rautar RouterOS 7 ce, sai ka fara ƙirƙirar teburin a /routing table, ka kunna masa fib, kafin Mangle ta san da shi.

A doka ta biyun nan ake yawan cin tuntuɓe. In ka manta ka ɗaure ta da in-interface na cikin gida, saƙon da ke shigowa ma za ta kama, ta mayar da shi wajen kamfani bai ko ga sabar ba. Sai kuma FastTrack, gajeriyar hanyar saurin wuce da fakiti, wanda yake zuwa a kunne a saitin asali: hulɗar da ya ɗauka tsallake Mangle take yi, shafi ya fara buɗewa ya maƙale a tsakiya. Ƙara wa dokarsa connection-mark=no-mark. Ka leƙa rp-filter ma, mai tantance adireshin da fakiti ya fito, kada ya kasance strict.

Da rauta biyu ne daban-daban, kowace da layinta, wannan dabarar ba za ta yi ba, domin sabar ƙofa ɗaya ta sani. Nan ko dai ka yi src-nat, wato sauya adireshin mai aiko saƙo, a rauta ta biyu, sabar ta ɗauka rautar ce ke magana da ita (amma fa adireshin baƙi ya ɓace maka a rajista), ko ka ba sabar adireshi na biyu, 192.168.10.6, rauta ta biyu ta riƙa turo saƙo gare shi, sannan da ip rule a kan sabar ka ce duk abin da ya fito daga wannan adireshi ya bi ta ƙofa ta biyu. Na biyun ya fi tsafta.

Kafin ka taɓa komai dai, duba adireshin da layi na biyu ya ba rauta. In ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, a bayan CGNAT kake, wato kamfani na raba adireshin fili ɗaya ga kwastomomi da yawa, kamar yawancin layukan sim, kuma tura fot ba zai shigo maka da baƙo daga waje ba sai ka karɓi adireshin fili daga kamfanin. Idan tcpdump bai nuna SYN ba sam, nan za ka fara zargi.

Ka kuma sani jama'a suna suke rubutawa, ba lamba ba. Sa adireshi biyu ƙarƙashin suna ɗaya a DNS, tsarin da ke mayar da suna zuwa lamba, ba ya gane layin da ya mutu, zai ci gaba da miƙa shi. Rage TTL, tsawon lokacin da ake riƙe amsar DNS, zuwa daƙiƙa 300 don canji ya bazu da wuri. Ma'aikatan cikin ofis kuwa, sa musu sunan a DNS na rauta ya nuna 192.168.10.5 kai tsaye, in ba haka ba gobe su kira ka cewa shafi na buɗewa a waya amma ya ƙi a kwamfutar ofis.