Da me mutanen ƙauye suke yin kyandir kafin zuwan na kanti?

Tambaya: Malama, ina koyon yin kyandir na sayarwa, sai na ji wai da can matan ƙauye a Turai da kansu suke yin nasu. Da me suke yi tunda babu kakin farafin?

Amsa: 'Yar uwa, da kitse suke yi, na tumaki da na shanu, wasu su haɗa biyun. A ƙauyukan Ingila idan aka yi yanka gab da shigowar sanyi, uwargida za ta tara kitsen ta narka a tukunya ta tace, sai ta rataya lagwanin zare a jikin sanda ta tsoma ta ɗaga ya sha iska ya daskare, ta sake tsomawa, haka za ta wuni tana yi har kyandir ya yi kauri, gidan duk ya ɗau ƙaurin kitse. Kuma fa sai an ɓoye shi a akwati don ɓeraye suna cinye shi.

Na kakin zuma ya fi haske kuma ba ya wari, amma tsada gare shi, sai coci da masu hali. Talaka kuwa wata ciyawar fadama yake yankowa, ya ɓare bayanta ya bar ɗan siriri da zai riƙe ɓargon, ya shanya ya ja ta cikin man girki da ya rage, shi ke nan ya samu fitila. A 1709 gwamnatin Ingila ta sa wa kyandir haraji, ba a cire ba sai 1831, amma wannan na ciyawar an bar wa talaka shi.

Abin da nake so ki riƙe sosai shi ne lagwani. Na da ba ya cinye kansa, sai mutum ya yi ta datse shi da almakashi in ba haka ba hayaƙi ya turnuƙe, kitse ya tsiyaye. Sai wajen 1820 zuwa 1830 aka fito da lagwani mai kitso wanda ke lanƙwasa kai ya ƙone da kansa, farafin kuma ya biyo baya daga 1850.

Kar ki yi na kitse don sayarwa, zafinmu na bazara zai sa ya yi laushi ya tanƙware a kan tebur. A ganina shi ya sa kakanninmu suka fi riƙe fitilar aci-bal-bal, a zuba man gyaɗa ko man kaɗe, a murza auduga a kunna.