Gurufa da Kifin Zaki Suna Ta Girma, Ƙananan Kifayena Suna Ɓacewa: Za Su Tsaya Kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tankin ruwan gishiri mai cin lita 300, tsawonsa santimita 120. Wata bakwai da suka wuce na zuba 'yan ƙananan kifaye uku a ciki: kifin zaki nau'in Pterois volitans, da gurufa fari mai baƙaƙen ɗigo, wato Cromileptes altivelis, da tiriga, kifi mai ƙarfin haƙora, nau'in Balistoides conspicillum. Wanda ya sayar mini ya tabbatar mini cewa kifi ba ya wuce girman tankinsa. Yanzu gurufan ya kai tsawon tafin hannuna, jatan lande biyu da ƙananan kifaye uku sun ɓace ko gawarsu ban gani ba, tirigan kuma ya fara cizon fikafikan kifin zakin. Hankalina ya tashi. Za su tsaya da girma nan gaba? Ko in rage musu abinci?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba za su tsaya ba, kuma kada ka rage musu abinci da niyyar hana su girma. Waɗanda suka ɓace ma kada ka wahalar da kanka neman su a bayan duwatsu, suna cikin tumbin gurufan da kifin zakin.

Ga inda kifayenka suka dosa. Pterois volitans yana kai santimita 35 zuwa 38, ban da faɗin fikafikansa idan ya baza su. Tirigan yana iya kai santimita 50. Gurufan, wannan ɗan kyakkyawan da ka sayo bai fi tsawon yatsa ba, yana iya kai santimita 70. Ɗauki ma'auni ka gwada 70 a jikin gilashinka mai 120, sannan ka duba faɗin tankin daga gaba zuwa baya, ka tambayi kanka yadda zai yi ya juya.

Maganar da mai sayarwa ya faɗa maka kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Kusan duk wanda ya kawo mini kuka a kan kifi mai farauta, idan muka bi diddigi, ita ce mafari. Kifi ba shi da wata hanya ta auna gilashi ya daidaita jikinsa da shi. Girman kowane nau'i yana cikin halittarsa, kuma kifi yana ci gaba da girma tsawon rayuwarsa, sai dai saurin ya ragu bayan ya balaga.

Abin da ya sa wannan ƙarya ta ƙi mutuwa shi ne akwai abin da ido yake gani da ya yi kama da ita. Gaskiya ne kifin da aka matse a ƙaramin tanki sau da yawa ba ya kai girman ɗan'uwansa na teku. Amma me ya hana shi? Kifi mai cin nama yana fitar da ƙazanta mai yawa. Sinadarin amoniya yana fita daga jikinsa, ƙwayoyin bakteriya da ke cikin matacin ruwa su mayar da shi wani sinadari mai suna naitirait, sannan naitiret, shi kuma ya yi ta taruwa, tunda ruwan bai isa ya tsarma shi ba. Kifin da ke zaune cikin irin wannan ruwa, ga matsi, ga abokin zama mai kai masa cizo, jikinsa yana yawan sakin sinadarin kotizol, wanda idan ya daɗe yana danne girma kuma yana raunana garkuwar jiki. Wannan tsumburewa ce, kuma cuta ce. Yaron da aka kulle a ƙuntataccen ɗaki marar iska aka hana shi ƙoshi har ya tsumbure, babu mai hankalin da zai ce ya yi daidai da ɗakinsa.

Ina ganin irin waɗannan kifaye. Za ka ga gurufa leɓensa ya goge ya yi fari saboda yawan karo da gilashi, launinsa ya dushe, fatar kansa da layin gefensa sun fara zaizayewa kamar an ƙwaƙule su, wani ma ƙashin bayansa ya karkace. Ƙaramar cutar da lafiyayyen kifi zai tsallake, shi sai ta kwantar da shi. Kifin da ya kamata ya haura shekara goma sai ya mutu da wuri, mai shi ya ce ajali ne, ya koma ya sayo wani ɗan ƙarami a inda ya sayi na farko. Mai sayarwa bai yi asarar komai ba.

Kuma masu sayarwa ba a nan suke tsayawa ba. Idan ka nuna shakka sai su ce ai nan gaba za ka sayi babban tanki, ko kuma manyan gidajen nuna kifaye za su karɓa idan ya yi maka yawa. Kifin ba ya jiran aljihunka, kuma yawancin waɗannan gidaje ba sa karɓa, domin ba su da wuri kuma suna gudun shigo da cuta. Har yau ana sayar wa mutane ɗan gurufa nau'in Epinephelus lanceolatus saboda kyan baƙi da rawayar jikinsa yana ƙarami, alhali nau'i ne da ke haura mita biyu da rabi, nauyinsa ya kai kilo 400. Wanda ya miƙa wa mutum wannan kifi a leda bai faɗa masa haka ba, ya zalunci mai saye, ya zalunci dabba.

Sai batun hali, domin kifayenka uku ba iri ɗaya ba ne. Kifin zaki ba mafaɗaci ba ne. Yana tafiya a hankali, ya baza fikafikai ya rutsa ƙaramin kifi a lungu, ya wage baki ya zuƙe shi cikin ƙiftawar ido, kuma yana iya haɗiye kifin da ya kai rabin tsawonsa. Gurufa ma haka, ya lafe a kogo ya jira. Su biyun, abin da ya fi ƙarfin bakinsu galibi sukan ƙyale shi, sai dai bakin yana ƙara faɗi kowane wata. Tiriga daban yake. Haƙoransa na fasa ƙwanso ne da halittun teku masu ƙaya, kuma yana gwada su a kan komai: duwatsu, wayar na'urar ɗumama ruwa, hannun mai shi. Wannan nau'in naka ya yi suna wajen zama lafiya yana ƙarami, ya girma ya juya wa abokan zamansa rana ɗaya. Cizon da ka fara gani somin-taɓi ne, kifin zaki kuma ba shi da saurin tserewa.

A ganina, tirigan za ka fara cirewa, cikin makon nan. Gurufan ka nema masa mai tankin da ya haura lita 1,000 tun yana da sauƙin kamawa. Kifin zakin shi kaɗai zai ɗan ƙara zama a wurinka, amma idan ya cika girma ba zan ajiye shi a ƙasa da lita 450 ba. Idan wannan tankin kake son riƙewa, akwai ƙaramin ɗan'uwan kifin zaki, Dendrochirus brachypterus, wanda ba ya wuce santimita 17. Kafin nan ka riƙa auna naitiret kana canza wani ɓangare na ruwan duk mako. Abinci kuwa naman kifin teku da jatan lande, sau biyu ko uku a mako ga wanda ya tasa. Kada ka ba su jajayen kifin ado na ruwan daɗi, jikinsu yana da sinadarin da ke lalata bitamin B1.

Wajen kamun ka kula da hannunka. Kifin zaki yana da ƙayoyi 18 masu dafi, 13 a gadon baya, sauran a ƙasan ciki. Yi amfani da robar da za ka kora shi ciki, domin raga tana sarƙe ƙayoyin. Idan ya soke ka, tsoma wurin a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, kimanin digiri 45 a ma'aunin Salsiyos, na aƙalla rabin awa, sannan ka ga likita.

Kuma ko kusa kada ka saki ɗayansu a teku. Asalin Pterois volitans daga tekun Pasifik da gabashin tekun Indiya ne. An fara ganin sa a gaɓar Fulorida ta Amurka a 1985, kuma masana sun fi karkata ga cewa daga tankunan mutane ya fito. Yau ya mamaye tekun Karibiyan da mashigin tekun Meziko, yana cinye ƙananan kifayen murjani waɗanda ba su san shi a matsayin mai farautar su ba.