Tambayi Likita: Fiza marar gulutin da yaron da zawo ya ƙi saki

Likita, mene ne wannan gulutin da nake gani a jikin kwalayen abinci? Daga wani ɗalibi a Kano.

Furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir. Shi ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo ya miƙe. Gero, dawa, masara, shinkafa, acha, rogo, doya da wake duk ba su da shi.

Ina da ciwon suga, 'yata ta ce in koma cin fiza marar gulutin, wai ta fi lafiya. Daga wani magidanci a Kaduna.

A'a, Alhaji. Fiza ita ce faffaɗan biredin da ake gasawa da miyar tumatir da cuku a sama, marar gulutin ɗin kuma yawanci da garin shinkafa da sitacin rogo ake yin ta, kuma su biyun suna ɗaga suga da sauri. Rashin gulutin bai rage mata sitaci ko mai ba. In ta ba ka sha'awa, ci yanka ɗaya da ganye, ka auna sugarka bayan awa biyu, ka kai wa likitanka sakamakon.

Ɗana shekararsa 2 da rabi. Tun da na yaye shi yake zawo mai wari, cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa sun tsotse. Kakarsa ta ce haƙori ne, ana ba shi jiƙo da ruwan kanwa don a wanke cikin. Maƙwabciyata kuma ta ce gulutin ne, in hana shi biredi da taliya. Wanne zan bi? Daga wata uwa a Zariya.

'Yar'uwa, kada ki bi ko ɗaya. Gobe da safe ki goya yaron nan ki kai shi asibiti.

Bari in fara da jiƙon, don shi ya fi tayar mini da hankali. Yaron da ya shafe watanni yana zawo ruwan jikinsa ya riga ya yi ƙasa, sai kuma a ɗura masa abin da zai ƙara gudawar? Wace dauɗa ake wankewa? Kanwa tana dagula gishirin jini, ƙodar ƙaramin yaro kuma ba ta da ƙarfin gyara shi. Fitar haƙori ba ta sa zawon watanni, ba ta ramar da yaro. Na san ba abu ne mai sauƙi ki musa wa surukarki ba, to ki sa babansa ya yi mata bayani cikin ladabi, ya ce likita ne ya hana. Kafin ku isa asibiti ki riƙa ba shi ruwan gishiri da suga na ORS, ki ci gaba da ba shi abinci. In idonsa ya faɗa, ko ya daina fitsari, ko ya kasa sha, kada ki jira gari ya waye.

Maƙwabciyarki kuwa ba ta yi nisa da gaskiya ba, amma ta yi gaggawa. Akwai cutar da ake kira siliyak, wadda ke kama kusan mutum 1 cikin 100 a duniya. Mai ita in ya ci gulutin, garkuwar jikinsa sai ta afka wa bangon ƙaramin hanji, ta share 'yan ƙananan tsiron jikinsa da ke tsotsar abinci, sai abinci ya riƙa wucewa jiki bai amfana ba. Wani likitan yara ɗan Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar alkama ce sila: a yunwar da aka yi a ƙasarsu a 1944 zuwa 1945 biredi ya yi wuya, yaran da yake dubawa suka samu sauƙi, da biredi ya dawo ciwon ya dawo. Kuma ba cutar Turawa kaɗai ba ce. Binciken da aka yi a kan yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, a sansanonin gudun hijira na Aljeriya ya gano ta a fiye da kashi 5 cikin 100.

Sai dai tsutsar ciki, tamowa, tarin fuka da wasu cututtuka suna zuwa da irin waɗannan alamu, kuma a nan wajenmu su muke fara nema. Abin da nake so ki riƙe shi ne, gwajin jinin siliyak, wanda ake kira tTG-IgA, yana aiki ne idan mutum yana kan cin alkama. In kika hana shi tun yanzu gwajin zai iya nuna ƙalau alhali cutar na nan. A fara gwaji, hani ya biyo baya. In asibitin kusa da ku ba sa yi, ki nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa. Ki je gobe, don Allah.

An tabbatar wa 'yata tana da siliyak. Ƙannenta na cin fiza tana kallo tana hawaye. Zan iya yi mata a gida? Daga wata malamar makaranta a Abuja.

Ƙwarai kuwa, Malama. Ko a Italiya, inda fiza ta samo asali a birnin Nafoli, ana gasa irin wannan, gwamnati ma tana ba masu cutar tallafin sayen abincinsu duk wata.

Ki haɗa garin shinkafa kofi 2, sitacin rogo kofi 1, yis ƙaramin cokali 2, ƙwai 1, mai babban cokali 2, gishiri da ɗan suga, ki kwaɓa da ruwan ɗumi. Kada ki sa ran zai miƙe a hannu. Zai fito da ɗan ruwa-ruwa, ya ɗara ƙullun masa kauri, kuma haka ake so. Ki rufe kamar minti 40 ya tashi, ki shafa mai a tafin hannu ki baje shi siriri a faranti. Ki fara gasa shi shi kaɗai na minti 10 a wuta mai ƙarfi, in ba haka ba tsakiyar za ta yi caɓi. Sannan ki shafa miyar tumatir da kika soya ta tsane, ki zuba cuku, albasa, tattasai da kaza, ki mayar har gefen ya yi ja. In babu obin, kasko mai murfi a kan garwashi ya wadatar. A ci da zafi, don in ta huce tana tauri.

Wurin da iyaye ke faɗuwa shi ne injin niƙa. In an niƙa alkama kafin shinkafarki, garin ya gurɓace. Abincin da ake kira marar gulutin, gulutin ɗin cikinsa bai wuce miligiram 20 a kilo ba, ɗan ɓurɓushi ya isa ya haura haka. Ki ware mata rariya da faranti nata, ki karanta jikin dunƙulen miya da tsiran gwangwani, wasu da fulawa a ciki. Semo, kuskus, alkaki da funkaso duk alkama ne, ɗanwake da masar kasuwa ma sau da yawa ana sa musu fulawa. Kuma kada ki daina kai ta asibiti a duba jininta da girmanta don kin ga ta murmure.

In na cire biredin na ci saman fizar kaɗai fa? Ko in sha ƙwayar da ake tallatawa a Facebook wai tana narkar da gulutin?

Duka biyun a'a. Saman ya riga ya taɓa fulawa, ƙwayar kuma ba ta kare hanjin mai siliyak. Har yau maganin ɗaya ne, barin gulutin muddin rai.

Na bar alkama wata guda, amma cuku da madara na kumbura mini ciki.

Ga mai siliyak hakan na faruwa kafin hanji ya warke, kuma yawanci yana wucewa. Rage cukun zuwa wani lokaci. In ya wuce 'yan watanni, ko kana ramewa, ko ka ga jini a bayan gida, koma wurin likitanka.