Zan Iya Canza Altaneta a Gida?

Tambaya: Malam, Corolla nake hawa, ta 2006. Fitilar batir ta kama a dashbod, da safe kuma sai an tura ni. Zan iya canza altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, da hannuna? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, za ka iya, amma kada ka yi gaggawar saye. Ari mita ka auna batir. Mota a kashe, lafiyayyen batir yana nuna wajen volt 12.6. Idan ka tayar da ita, ya kamata ya hau 13.5 zuwa 14.5. In bai motsa ba, caji ba ya shiga. Duba fambel tukuna, ko ya saki ko ya tsage. Sau tari ma burushin cikin altanetar ne ya cinye, rewaya zai canza maka da kuɗi kaɗan.

In canjin ya zama dole, fara kwance kan batir mai alamar (-). Na taɓa ganin sifana ta haɗa wuta, tartsatsi ya ƙona wa yaron gareji yatsa. Ɗauki hoton yadda bel ya zagaya, sassauta shi, cire soket da babbar waya, sannan notikan. Tafi da tsohuwar altanetar kasuwar Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka gwada ta da wadda za ka saya kafaɗa da kafaɗa, musamman soket ɗin.

Ina roƙonka, kada ka yarda a cire kan batir injin na aiki wai don gwada caji. Hakan na iya ƙona kwamfutar motar.