Amsa kan tasirin Manuel Baizer

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da masu haɗa sinadarai ta hanyar amfani da lantarki suke yawan ambaton Manuel Baizer, masanin sinadarai ɗan Amurka. Tun wajen 1848 Kolbe, masanin sinadarai ɗan Jamus, ya nuna lantarki na iya ɗaure ƙwayoyin kabon biyu, amma Baizer ne ya kai harkar babbar masana'anta. A kamfanin Monsanto ya gano yadda wutar lantarki ke haɗa ƙwayoyin sinadarin akrilonaitril biyu su zama wani sinadarin mai suna adiponaitril, wanda ake yin nailan da shi. A 1965 aka fara sarrafa adiponaitril ta wannan hanyar a Alabama ta Amurka.

Abin da ya fi burge ni, wutar ce ke yin aikin da wani sinadarin zai yi. Har yau akwai lambar yabo da sunansa a fannin.